Riyal Mai Mikiya da Tsohuwar Bayan Katangarmu

Misfala, Makka
Watan Muharram

Zuwa ga autata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Madina lafiya, ke da maigidanki, babu abin da ya dame ku sai gajiyar hanya. Allah Ya tsare ki dare da rana, Ya sa albarka a sabon ɗakinki, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari. Babanki yana gaishe ki. Yana nan kan tabarmarsa a bakin ƙofa, duk motar da ya ji ƙararta sai ya ɗaga kai.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san yadda kika bar shi. Kin ce mini idan kin zauna za ki ci gaba da sana'armu a can, ki riƙa shiga masaukin mata alhazai kina sayen tsofaffin kuɗin azurfa kina kai wa maƙera. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ki duba ƙasan akwatinki, cikin jan tsumma na sa miki ƙaramin ma'auni da dutsen gwaji da kwalbar ruwan gwaji. Kin bi ni gidajen alhazai kin ga yadda hannuna yake yi, amma ban taɓa zama na gaya miki inda na koya ba, da abin da na sha kafin in koya. Idan kina gabana baki yana yi mini nauyi. A takarda ya fi sauƙi.

Kuɗin ƙasashe da yawa za su bi ta hannunki. Riyal faransi kin san shi, rufiyar Hindi ma haka, waɗannan ba su cika ruɗa mutum ba. Wanda nake so in ja miki kunne a kansa shi ne na ƙasar Meziko, wadda Larabawa suke ce wa Maksik. Mu muna kiransa mai mikiya, saboda mikiyar da ke jikinsa tana tsaye kan ƙaya da maciji a baki. Matan Jawa, alhazan tsibiran gabas mai nisa, suna zuwa da shi sosai, domin a zamanin kakanninsu da shi ake ciniki a ƙasarsu, har yau tsofaffi suna ɓoye shi a akwati don guzurin Hajji. A kansa na yi kuskurena mafi girma, a kansa kuma Allah Ya haɗa ni da mutumin kirki.

Kina yarinya lokacin, wataƙila abin da za ki tuna kawai shi ne mun daɗe ba mu ci nama ba. Shekarar da labari ya zo cewa ƙasarmu ta sami mulkin kai, a nan kuma ana janye riyal na azurfa ana ba mutane na takarda, ita ce shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kama babanki. Mutumin da ya ɗauko kayan ƙirarsa a kan jaki tun daga ƙasar Kano, ya ratso Sudan yana ƙera wa mata zobe muna cin abinci, sai ga shi hannun damansa ba ya ɗaga ko cokali. Kuma akwai aiki a kansa. Hajiya Kaltume matar mahauci, ta bakin lungu, ta riga ta ba da kuɗin azurfa a ƙera wa 'yarta awarwaron aure, biki kuma ya matso.

Na ce masa mu mayar mata da kuɗinta. Ya ce, "Idan muka mayar, gobe me za mu ci? Hannun hagu yana riƙe awartaki. Ke ki yi zuga ki yi dukan, ni in gaya miki inda za ki buga."

Na ce, "To azurfar fa, Malam? Wa zai sayo?"

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro mai mikiya guda ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Irin wannan za ki nemo, ko riyal faransi. Ki duba da kyau, Ladi."

Na fita kasuwar Misfala ina tambaya a shagunan sarrafai, masu canjin kuɗi, ko'ina tsada, ga Larabcina a lokacin bai wuce na sayen tumatir ba. Ina tsaye ina juyayi sai wani mutum cikin farar jallabiya ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, irin ta gida. Ya tambaye ni garinmu, na faɗa, ya ce ya san shi, har ya ambaci ranar da kasuwarmu take ci. Wallahi, Safiya, sai na ji kamar ɗan'uwana ne ya sauka. Ya ce a tashar jirgin ruwa ta Jidda yake aiki, yana tara kuɗin da ma'aikatan jirgi suke zuwa da su. Ya buɗe bakin wata 'yar jaka. Na ɗauki na sama na gwada da na babanki, iri ɗaya. Na zura hannu na ciro wasu, na ga mikiya, na ga girmansu ɗaya, suna ta walƙiya. Ban juya bayansu ba. Ya faɗi kuɗi mai sauƙi, ya ce motarsa za ta tashi. Na kwance bakin zanena na ba shi na Hajiya Kaltume duka, na haɗa da ɗan abin da ya rage mana.

Na dawo gida ina murna, na zazzage su a faranti. Tun kafin babanki ya duba na ga fuskarsa ta sauya, domin kunnensa ya ji ƙarar zubarsu. Ya ce, "Juya mini su." Na juya. 'Yan kaɗan na sama suna da hoton hula mai haske kewaye da ita, irin nasa. Sauran duka kan wani mutum ne da ya ɗaure kansa da ƙyalle. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ban san shi ba. Hura wuta mu gani."

Na hura, muka narka kaɗan, muka zuba. Abin da ya fito baƙi-baƙi ne mai ja, kamar tsohuwar tagulla. Na zauna a ƙasa kawai. Ba mu da iƙama, wato izinin zama, ba mu da wata takarda, wurin wa za mu kai ƙara? Idan na je wurin 'yan sanda ni za a fara tambaya. Ina jira babanki ya yi faɗa, don ya cancanta ya yi. Sai ya ce, "Ladi, kin ci abinci yau?" Na ce a'a. Ya ce, "Je ki ci. Ni ma da ni ne na fita, ban san wannan sabon ba."

Ban taɓa manta wannan magana ba, kuma ina so ki riƙe ta don ranar da maigidanki zai dawo gida da asara a hannu. Washegari na cire awarwarona da uwata ta ba ni ranar da za mu bar gida, muka narka su, muka ƙera wa 'yar Hajiya Kaltume nata. Aka yi biki lafiya, har yau ba ta san da azurfar wa 'yarta ta shiga ɗaki ba, kada kuma ki gaya mata. Da Hajji ya zo na tafi Arfa na yi wankin tukwane a rana, da shi na sake tayar da jari.

To ki ji. Kada ki sayi jaka saboda abin da ke bakinta. Ki zazzage, ki juya kowane ɗaya gaba da baya, ko da mai kaya yana cewa motarsa za ta tashi. Idan ta tashi Allah Ya kiyaye hanya. Kuma wanda ya yi miki Hausa a ƙasar mutane ki amsa masa da fara'a, ki ba shi ruwa ya sha, amma kayansa ki gwada su kamar na kowa.

A kwanakin nan ne na san Sitti Amina. Kin santa tana ba ki alewa, ba ki san abin da ta yi mana ba. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita, amma ban da sallama babu abin da ya taɓa haɗa mu, ina ganin tsohuwar Bajawiya ce da ba ruwanta da mutane. Ran nan ina layin ɗiban ruwa, na kwance ɗaya daga cikin kuɗin nan ina jujjuya shi, hawaye yana zubo mini ban sani ba. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Ta karɓa ta duba, ta ce da Larabcinta mai taushi, "Ya binti, 'yata, da sunan azurfa aka sayar miki da wannan?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Bayan la'asar ki zo gidana. Ki zo da su duka."

Ashe marigayi mijinta sarrafin alhazan Jawa ne, ita kuma a bayan labule take zama tana ware masa kuɗi har ya rasu. Ta dafa mini shayi, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ɗauko wani gwangwani ta jera masu mikiya iri-iri. Ta ce, "Tsuntsun ɗaya ne, azurfar ba ɗaya ba ce. Ƙasarsu tana ta rage ta, wanda ya fi tsufa ya fi kyau."

Ga abin da ta koya mini, ki karanta har ya zauna miki. Babban tsohon nan mai hula da haske, wanda ya kusa kai riyal faransi nauyi, shi ne uban su duka. Idan aka kasa shi goma, kashi tara azurfa ne, ya ma fi riyal faransi tsabta. Za ki ga lamba takwas a gefen rubutunsa a yawancinsu. Bayansa akwai wanda bai kai shi girma ba, shi ma mai hula, irin wanda babanki ya ba ni. Wannan sun rubuta gaskiyarsa a jikinsa, a saman kan mikiya: bakwai, biyu, sifiri. Ma'ana kashi bakwai da ɗoriya cikin goma azurfa ne, yana ƙeruwa da kyau. Sai wani mai kan mutum da aka rubuta masa biyar da sifiri biyu, wannan rabi da rabi ne. Akwai wanda bai ma kai haka ba. Na ƙarshensu shi ne wanda aka sayar mini, mai ƙyalle a ka, babu lambar azurfa ko ɗaya a jikinsa. Kashi ɗaya tak cikin goma ne azurfa, sauran tagulla da wasu ƙarafa, fuskarsa ce kawai fara. Masifarsa ita ce girmansa da nauyinsa sun yi kusa da mai bakwai biyu sifiri, idan ta wajen mikiya kika duba da sauri ba za ki raba su ba. Akwai kuma manya masu lamba biyar, su ma suna faɗin azurfarsu a rubuce, wani tara da sifiri biyu, wani bakwai biyu sifiri. Ƙananan canjinsu kuwa sai kin lura, wasu azurfa ne masu lamba, wasu farin ƙarfe ne zalla. Maganaɗisu ba zai taimake ki a nan ba, don farin ƙarfen nasu ba ya kama shi.

Na ce mata, "Sitti, ashe jabu aka ba ni." Ta ce, "La, ba jabu ba ne. Hukumarsu ce ta buga shi haka, a ƙasarsu kuɗi ne na halal, ana sayen burodi da shi. Wanda ya kira shi azurfa shi ne ya yi ƙarya." Don haka idan wata ta kawo miki irinsa, kada ki ɗauka macuciya ce. Sau da yawa ita ma haka aka ba ta. Ki gaya mata a hankali, ba a gaban mutane ba.

Lambobin boko sun ba ni wuya, don ni na allo na sani. Ta baza garin shinkafa a faranti tana zana mini da yatsa. Ta ce in yi hattara, bakwai ɗinsu kamar shidanmu yake, sifirinsu kuma kamar biyar ɗinmu. Na yi ta ruɗewa tana dariya har tana share ido da gefen mayafi. Ta koya mini in ɗora kuɗi a kan ɗan yatsa in ƙwanƙwasa shi da wani. Mai azurfa da yawa ƙararsa siririya ce, tana daɗewa a kunne. Maras ita tana mutuwa nan take. Amma ta ce kada in tsaya a kunne, domin mai kyau ma idan ya tsage ba ya ƙara. In duba da ido, in saurara, in ɗora a ma'auni tare da wanda na tabbatar da shi, idan shakka ta rage sannan a je ga dutse da ruwa.

Da zan tafi na ce me zan ba ta. Ta ce, "Gwiwoyina sun gaji. Idan kin ɗebo ruwanki ki ɗebo mini tulu ɗaya." Ita ce kuma ta kama hannuna ta shiga da ni masaukin matan Jawa, tana ce musu, "Wannan 'yata ce, ba ta tauye awo." Daga nan abinci ya dawo gidanmu.

Kuskurena na biyu tsoro ne ya jawo shi. Tun da aka cuce ni na zama mai zargi, kowace fuska ina neman ƙarya a cikinta. Bayan Hajjin shekara ta gaba, ciwon gwiwa ya kwantar da Sitti, na shiga wani masaukin matan Jawa ni kaɗai. Wata mata 'yar siririya, ta manyanta, ta jawo ni gefe. Ba ta jin Larabci sai kalma ɗaya biyu. Ta nuna mini mijinta kwance a kan tabarma, zafin rana ya buge shi a Mina, leɓensa duk ya bushe. Na gane kuɗin magani take nema da na abinci a hanya. Ta kwance wani ƙulli daga ɗamararta, ta ciro manyan masu mikiya tsofaffi. Da na duba sai na ga jikinsu duk tabo, an bubbuga musu wasu ƙananan alamu kamar sawun kaza, wasu har sun ɗan lanƙwashe. Ban ƙwanƙwasa ba, ban auna ba. Na tura mata kayanta na ce, "Magshush," wato na algus ne. Na faɗa da ƙarfi, matan ɗakin duka suka juyo. Ta tattara su ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle, ta koma kusa da mijinta ta zauna.

Na biya wurin Sitti da tulunta ina ba ta labari, har ina yabon kaina na tsallake tarko. Ta ce in zana mata alamun. Na zana. Ta daki tabarma da tafin hannu. Ta ce, "Ya Ladi! Hatimin 'yan kasuwar Sin ne. Kowane attajiri da kuɗin ya bi ta hannunsa, ya gwada ya ga na ƙwarai ne, sai ya buga nasa. Waɗannan sun fi ki shekaru, sun fi ni. Tashi ki koma yanzu, kada wani ya karɓe mata su a banza."

Rana tana tsaka na fita, ko takalmin kirki ban sa ba. Na isa masaukin na tarar an share ɗakin. Mai gadin gidan muɗawwif, jagoran alhazan, ya ce an kwashe su zuwa wurin motocin Jidda. Na bi da gudu-gudu, ina kutsawa cikin kaya da mutane, mota bayan mota ina leƙawa, duk matan sanye da fari iri ɗaya. Na kusa haƙura sai na hango ta a inuwar wata babbar mota, ta ɗora kan mijinta a cinya tana yi masa fifita. Na durƙusa a gabanta. Ba mu da harshe ɗaya, sai na dafa ƙirjina na ce, "Samihini," ki yafe mini. Na nuna ɗamararta. Ta daɗe tana kallona kafin ta kwance.

A nan ƙasa na shimfiɗa ƙyallena, na ƙwanƙwasa kowane ɗaya a kusa da kunnenta don ita ma ta ji, na auna a gabanta. Duka na ƙwarai ne, tara cikin goma. Na biya ta cikakken kuɗinsu yadda ake saye a ranar. Ta riƙe hannuna da hannayenta biyu tana magana da yarensu tana kuka, ban ji ko kalma ɗaya ba, ni ma ina nawa. Na je na sayo musu lemo da ruwan sanyi, na tsaya har motarsu ta tashi. Na daɗe ban san yadda suka ƙare ba. Sai wata shekara wata mata ta zo Misfala tana tambayar baƙar mace mai ma'auni, aka kawo ta wurina. Sitti ta yi mana tafinta. 'Yar ƙauyen waccan matar ce, ta ce mijin ya isa gida da ransa, har ya koma gonarsa, kuma matar ta ce duk wadda za ta zo Makka daga wajensu ta neme ni. Na yi sujada a tsakar gida.

Ki duba, 'yata. Asarar farko kuɗi ta ci mini. Ta biyu da ta tabbata, da na kunyata baƙuwar Allah a gaban mutane na bar ta da maras lafiya babu magani. Abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba, bari in tambayo. Kada kalmar algus ta fito daga bakinki sai kin gwada duk gwajin da kika iya. Kuma yawancin waɗanda za su kwance miki ƙulli ba ciniki suka zo yi ba, matsuwa ce ta sa. Sun ga ba su san farashi ba, ke kin sani. A nan ne Allah Yake kallon hannunki. Ribarki ki ɗauka daidai, ki faɗa mata abin da kayanta suke da shi ko da ba ta tambaya ba.

Akwai wani ƙarami da zan ƙara, kada in manta. Wata Baturkiya ta taɓa miƙo mini sarƙa mai kuɗi a jere don in gaya mata darajarta kawai, ni kuma da rawar jiki na goga ɗaya a dutse, na ɗiga masa ruwan gwaji a tsakiyar fuska. Ya bar tabo. Ashe ta kakarta ce, ba sayarwa za ta yi ba. Ta yi mini faɗa da yarenta har na ji kunnena yana zafi, kuma tana da gaskiya. Ki nemi izini kafin ki taɓa kayan mutum da dutse ko ruwa, kuma a gefen baki ake gwadawa, inda ba ya nunawa. Idan ɗigon ya yi fari kamar madara azurfa ce mai kyau, idan ya koma kore tagulla ta yi yawa. Wanda aka huda ko aka liƙa masa kunne don sarƙa, ki tuna nauyinsa ya sauya. Kwalbar kuma ki ajiye ta sama, nesa da kwalli da turare, nesa da hannun yara idan Allah Ya kawo su. Ta ci mini zane mai kyau guda, kin san shi, wanda na ce miki ɓera ne.

Sitti Amina ta rasu bara ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Ni da matan Jawa biyu muka yi mata wanka. Tun da take ba ta taɓa ce mini ki tuna abin da na yi miki ba. Duk lomar da kika ci a gidan nan tun daga waccan shekara, da kayan ɗakin da kika tafi da su, akwai hannunta a ciki. Ina roƙonki, ranar farko da za ki shiga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan kin yi gaisuwa ki ambaci sunanta ki roƙa mata gafara. Sannan ki roƙa wa babanki sauƙi. Ni ki sa ni a ƙarshe, ba komai. Kuma ki gaida maƙwabtanki tun ranar farko, kowane iri ne su, kada ki yi shekaru kamar yadda na yi.

Saura magana ɗaya. Kin ga girman baƙaƙen wannan takarda, kin san dalili. Hajji biyu ke nan idona ba ya ganin lambar da ke kan mikiya. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron mata su daina yarda da awona. Amma ke kin gane. Duk sanda aka miƙo mini kuɗi sai ki matso ki leƙa ki ce, "Inna, wannan ba shi ne mai bakwai biyu sifiri ba?" kamar mai neman a koya mata, ni kuma in ce, "Shi ne, kin fara ganewa." Matan suna yaba mini yadda nake koyar da 'yata. Ko a gida ba ki taɓa tayar da zancen ba. Na gode, Safiya. Na so in faɗa miki a bakin mota, na kasa. Kada wannan ya dame ki a can. Na je wurin likitan ido ya auna ni, tabarau yana zuwa, babanki har ya fara dariyar yadda zan koma.

Allah Ya yi miki albarka kamar yadda kika rufa mini asiri, Ya rufa naki duniya da lahira. Allah Ya tsare ki daga cuta da cutarwa, Ya ba ku zaman lafiya ke da maigidanki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga baƙinSa. Ki gaishe shi da kyau, ki gaida iyayensa. Idan kin sami mai zuwa ki aiko mana da dabino kaɗan, mai laushi, saboda haƙoran babanki.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Ladi